Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Sarakunan Hausawa da Shugabannin Al'ummar Arewa a Legas: Kujerun da 'Ya'yanmu Suka Bari a Akoka da Yaba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Obalende da Mil 12 da sauran unguwanni, tare da limamanmu da shugabannin kasuwanni. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya ja zamaninku. Mu 'ya'yanku ne, malaman manyan makarantu mazauna wannan gari, kuma mun zo da magana ɗaya: a riƙa sa wasu daga cikin yaranmu a jami'o'i da kwalejojin Legas, domin ajin da ya haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo da ɗan Kalaba yana koyar da abin da ajin 'yan gida ɗaya ba ya iya koyarwa.

Kun fi mu sanin yadda aka saba. Yaro an haife shi a Agege, a nan ya yi firamare da sakandare, yana jin Yarbanci kamar a Ibadan aka yanke masa cibiya. Da lokacin jami'a ya zo, sai a ɗora shi a mota zuwa Kano ko Zariya ko Sakkwato, in ba haka ba kuma a buɗe masa rumfa. Ba mu raina dalilan iyaye ba. Rayuwa ta fi sauƙi a gida, akwai dangi masu sa ido, kuma Bayero da Ahmadu Bello da Ɗanfodiyo manyan jami'o'i ne da babu mai musun darajarsu. Amma ku dubi Idi-Araba. Kwalejin koyon likitanci ta Jami'ar Legas da asibitin koyarwarta suna nan maƙwabtaka da gidajenmu, matanmu da tsofaffinmu suna cika layin ganin likita, sai ga shi da ƙyar za a sami ɗalibi cikin farar riga da zai ji ƙorafin tsohuwa ba tare da tafinta ba. Wannan asara ce ta fuska biyu. Yaranmu sun rasa ajin, ajin ma ya rasa su.

Bari mu fara da likitancin, tunda a nan abin ya fi fitowa fili. Darasin farko da ake koya wa ɗalibi a gefen gado shi ne ɗaukar tarihin ciwo, kuma malamai sukan ce a nan ake gano mafi yawan cututtuka tun kafin a kai ga gwaji. To, ɗalibi ya tambayi Bahaushe yaya jiki, ya ce masa da sauƙi. Sai ya rubuta cewa mara lafiya yana samun sauƙi, alhali mutumin bai runtsa ba jiya. Mu mun san wannan amsa ladabi ce da tawakkali, tambayar gaskiya sai a karo na biyu ko na uku. Uwa ta kawo ɗan farinta, ba ta kiran sunansa, tana kau da kai, ɗalibin da bai san kunya irin tamu ba sai ya ɗauka sakaci ne. Mace ta ce tana fama da sanyi, shi kuma ya tafi neman mura. Haka nan ɗanmu zai yi tuntuɓe idan Bayarabiya ta ce masa jaririnta na da jedijedi, don kalmar tana ɗauke da cututtuka fiye da ɗaya, kuma sau da yawa an riga an ɗura wa yaron jiƙo kafin a zo asibiti. Babu littafin da aka buga a Ingila da zai warware waɗannan. Wanda ke zaune a kujerar kusa da kai ne zai warware su cikin minti biyu.

Ga kuma misalin da ya fi kama zuciya. Abin da muke kira ɗan wabi, Yarbawa suna ce masa abiku, Ibo kuma ogbanje: yaron da ake haifa ya mutu, a sake haihuwa a sake rasawa. Idan aka sami ɗalibai daga al'ummomin nan uku a aji ɗaya, kowa ya faɗi yadda ake yi a gidansu, sai ajin ya gane da kansa cewa abu ɗaya ne aka ba wa sunaye uku, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilansa shi ne amosanin jini. Daga nan malami zai zana lissafin a allo: miji mai nau'in jini AS, mata ma AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai cutar. Kowane ciki, ba kowane yaro na huɗu ba, wanda nan ne mutane da yawa suke kuskure. Ɗalibin da ya koyi darasin ta wannan hanya ya san kalmar da zai fara da ita idan ya zauna da iyayen yara a Mushin ko a Malumfashi.

A ajin lauyoyi ma haka ne, har ma ya fi. Ku ɗauki magidanci ya rasu ya bar naira miliyan 24 bayan an biya bashi, iyayensa sun riga shi, yana da mata biyu, uwargida da ɗa namiji ɗaya, amarya da 'ya'ya mata biyar. A al'adar Yarbawa ta idi-igi ana raba dukiya ne bisa ɗakuna, don haka ɗan uwargida ya tashi da miliyan 12, 'yan matan su raba ragowar, kowacce miliyan 2.4. A ɗaya tsarin nasu, ori-ojori, bisa kawuna ake rabawa, kowa miliyan 4. A fiƙihun Malikiyya matan biyu za su raba tumuni, wato miliyan 3, sannan namijin ya sami miliyan 6, kowace mace miliyan 3. Gida ɗaya, rabo uku. Shari'ar Dawodu da Danmole, wadda ake karantawa a kan idi-igi, a nan Legas ta samo asali, kuma a 2014 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Ukeje cewa al'adar Ibo mai hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa tsarin mulki. Malami zai iya karanto duk wannan daga takarda. Amma idan akwai wadda aka raba gadon kakanta da idi-igi, da wanda ya haddace ayoyin gado tun yana Islamiyya, to muhawarar da za a yi ta dabam ce, kowa zai kare abin da ya sani kuma a tilasta masa kawo hujja. Ku tuna kuma Arewa da dokar Final Kod take hukunta laifuka, Kudu kuwa da Kiriminal Kod, Legas ma tana da tata dokar tun 2011. Lauyan da ya san ɓangare ɗaya kawai rabin lauya ne a ƙasar nan.

Injiniyoyi ba za mu tsawaita a kansu ba. Wanda ya tashi a Legas ya san ƙasa mai ruwa, inda sai an kafa turaku masu zurfi kafin a ɗora bene, ya san iskar teku mai gishiri da ke cin rodi idan kankaren da ya rufe shi bai yi kauri ba. Wanda ya san Sakkwato ya san zafi da busasshiyar iska suna shanye ruwan kankare kafin ya kama, ya tsattsage, shi ya sa ake zubawa da sassafe ko da yamma, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna, a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Ɗan Borno kuma zai ba su labarin baƙar laka da ke kumbura da damina ta tsuke da rani ta fasa bango. A ajin tattalin arziki, ɗan dillalin tumatir na Mil 12 ya san yadda farashin kwando ke faɗuwa idan motoci suka iso a tare, ya san la'ada da bashin amana, abin da 'yan ajinsa a zane kawai suka taɓa gani. Adashinmu shi ne ajo da esusu na maƙwabtanmu, sai a kwatanta a ga wanne ya fi tsare kuɗin mutane idan wani ya ɗauka ya gudu.

Masu bincike sun auna wannan abu, ba hasashe ba ne. A 2006 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Samuel Sommers, ya kafa rukunonin masu taya alƙali yanke hukunci na gwaji, mutum shida-shida. Wasu rukunonin Turawa ne zalla, wasu Turawa huɗu da baƙaƙen fata biyu, duka suka kalli shari'a iri ɗaya. Rukunonin da aka gauraya sun fi daɗewa suna tattaunawa, sun fi ambaton bayanan shari'ar, sun fi ƙarancin kuskure. Abin da ya fi jan hankali shi ne Turawan da kansu ne suka ƙara kula da abin da suke faɗa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan kana cikin 'yan uwanka, kana faɗin rabin magana a gyaɗa maka kai. Idan akwai baƙo, dole ka shirya hujjarka tun daga gida. Wani binciken da Katherine Phillips da abokan aikinta suka yi ya nuna rukunin da aka shigar wa bare ya fi dacewa da amsa daidai, amma mutanen cikinsa sun fi jin cewa aikin bai yi daɗi ba. Wannan yana da muhimmanci ga iyaye. Idan ɗanku ya dawo yana cewa ajin akwai takura, ba lallai ne alamar matsala ba, sau da yawa takurar ce karatun.

Sai dai, ranku ya daɗe, ba za mu ɓoye muku ba: tara mutane a ɗaki ɗaya ba ya wadatarwa. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Tun 1954 masanin halayyar ɗan'adam Gordon Allport ya lissafa sharuɗɗa huɗu da cuɗanya ke buƙata kafin ta rage ƙyama: a zauna a matsayi ɗaya, a sami buri ɗaya, a yi aikin tare ba gasa ba, kuma hukuma ta tsaya a bayan abin. A 2006 wasu masana biyu, Pettigrew da Tropp, suka tattara bincike 515, suka ga cuɗanya tana rage ƙyama a mafi yawan lokuta, kuma ta fi tasiri inda aka cika sharuɗɗan. Ƙasarmu ta gwada irin wannan da kwalejojin tarayya da kuma bautar ƙasa da aka kafa a 1973, kuma duk wanda ya bi ta cikinsu ya san inda aka yi aiki tare an ƙulla zumunci, inda aka bar kowa da nasa an rabu baƙin juna.

Ga yadda abin ke lalacewa a aji. Malami ya ce ku kasu rukuni-rukuni, sai kowa ya nemi ɗan garinsu, Hausawa uku su haɗu a kujerar baya su shekara huɗu a can. Ko kuma a jefa yaro shi kaɗai cikin rukuni, a koma Yarbanci da zarar malami ya juya baya, ko a mai da shi kakakin Arewa baki ɗaya, duk abin da ya faru a Zamfara shi za a juyo a kalla. Ko a ba da aikin rukuni da maki ɗaya ga kowa, mutum ɗaya ya rubuta, sauran su biya kuɗin bugawa. Akwai kuma matsalar jira. Binciken Mary Budd Rowe ya nuna malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan aka kai daƙiƙa uku amsoshi sukan yi tsawo, masu magana su ƙaru. Yaron da aka tarbiyyantar kada ya katse babba, kada ya haɗa ido da malami, shi ne na farkon da daƙiƙa ɗayar nan ke kayarwa, sai a ɗauka bai sani ba.

Maganin sananne ne, kuma ba ya cin kuɗi. Wani masani, Elliot Aronson, ya fito da wata dabara a 1971 a birnin Austin na Amurka, lokacin da aka haɗa yaran farare da baƙaƙe a makaranta ɗaya rikici ya tashi. Ga yadda za ta zauna a ajin mutum 60 na awa biyu. Malami da kansa zai kasa su rukuni 12 na mutum biyar-biyar, ba su za su zaɓa ba. Ya raba darasin gida biyar, kowane ɗalibi ya riƙe gida ɗaya. Minti 20 kowa ya karanta nasa. Minti 30 masu gida iri ɗaya su haɗu, shida-shida, su tace fahimtarsu. Minti 50 kowa ya koma rukuninsa ya koyar da nasa kashin, minti goma-goma. Minti 20 na ƙarshe gwaji ne a kan darasin duka, kowa da takardarsa. Sirrin yana nan: ba za ka ci gwajin ba sai ka saurari kowa, har da wanda ka shigo kana rainawa. Shawararmu a kan ƙananan abubuwa ita ce, idan 'yan wata al'umma huɗu ne kacal a aji, a sa su biyu-biyu maimakon a warwatsa su ɗai-ɗai. A sauya rukunoni bayan mako huɗu. Daga maki 30 na aikin zango kada a ba aikin rukuni fiye da 10. A manyan azuzuwan shekarar farko masu ɗaruruwan ɗalibai wannan ba ya yiwuwa a zauren lacca, sai a ƙananan darussan bita. Kuma akwai ƙofa a buɗe: manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta ƙaddamar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Mun kawo muku wannan dalla-dalla ne domin idan kun kai ziyara ga shugabannin makarantu, ku tafi da buƙata a hannu bayan gaisuwa.

Yanzu ƙofar shiga. Tsarin ɗaukar ɗalibai a makarantun tarayya shi ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da makarantar, 20 ga jihohin da aka lasafta suna baya a ilimin boko, kuma kusan duk jihohin Arewa suna cikin wannan jeri. A Legas makarantun tarayya sun haɗa da Jami'ar Legas da ke Akoka, wadda aka kafa a 1962, da Kwalejin Fasaha ta Yaba, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Akoka. Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo, wadda aka kafa a 1983, ta jiha ce, tsarinta dabam ne, amma tana ɗaukar waɗanda ba 'yan jiha ba. Kashi 20 ɗin nan da jihar asali ake cinsa, ba da wurin zama ba, kuma ba ya zuwa ga wanda bai nema ba. Yaron da bai sa makarantar a zaɓinsa na farko ba, ba ya cikin lissafi tun daga tushe.

Abubuwan da ke kayar da yaranmu ƙanana ne, shi ya sa suke da ciwo. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma sai an je gida an karɓo, iyaye da yawa kuma ba sa tunawa da ita sai ranar tantancewa. Suna ya bambanta tsakanin katin NIN da sakamakon WAEC da rajistar JAMB: nan Muhammad, can Mohammed, nan sunan uba, can sunan gari, ga ranar haihuwa da aka cike da ka. Gyaran yana ɗaukar watanni, don haka tun yaro yana aji biyar na sakandare za a jera takardun a duba harafi-harafi. Ana yin rajista da layin wayar mai shagon intanet ko na wani yaya da ya koma gida, sai saƙo ya zo babu mai gani. Ana kuskuren haɗin darussa: likitanci Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji yake so, injiniya kuma Lissafi a madadin Bayoloji, lauya dole da Adabin Turanci. Wani ma an ba shi gurbin a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbin karatu, bai shiga ya amsa ba har wa'adi ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Muna kuma roƙon kada a dogara ga kason jiha a matsayin tsani. Sharaɗin Allport na farko shi ne matsayi ɗaya, kuma yaron da ya shiga da rauni a Lissafi ko Turanci zai ji jiki a zangon farko, 'yan ajinsa su sa masa ido, shi kuma ya ja baya ya yi shiru. Darasin bita na watanni uku kafin jarrabawa, a harabar masallaci ko makarantar Islamiyya da safe lokacin da babu kowa, tare da gwajin kwamfuta sau ɗaya a mako domin yawancin yaran a waya kawai suka saba, zai yi aikin da takardar alfarma ba za ta yi ba.

Mun san abin da ke zukatan iyaye, musamman a kan 'ya'ya mata, kuma ba tsoron banza ba ne. Amma ku tuna Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Najeriya a nan Legas aka kafa ta a 1954, akwai masallatai a cikin waɗannan makarantu, kuma 'yan uwanmu Yarbawa Musulmi suna cike da azuzuwan da hijabansu. Yarinyar da ke Agege tana iya hawa jirgin ƙasan da ya fara jigila a 2024 ta sauka a Yaba, ta dawo ta kwana a ɗakin mahaifiyarta, abin da ba zai samu ba idan an kai ta nisan kilomita dubu. Wurin kwana a cikin makaranta yana da wuyar samu, wannan gaskiya ne, kuma a nan ne attajiranmu za su iya kama gida guda kusa da Akoka a sa dattijuwa mai amana ta riƙe. Kuɗin makaranta kuma akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka kafa da dokar 2024, yana biyan kuɗin karatu kai tsaye ga makarantun gwamnati, yana ba da naira 20,000 a wata, kuma babu ruwa a kansa.

Kakanninmu da suka biyo goro da layin dogo suka sauka a Agege sun koyi harshen masu gari, sun yi ciniki da su, ba su zubar da addininsu ko harshensu ba. Abin da muke nema ga jikokinsu bai kai wannan wahala ba.

Roƙonmu, ranku ya daɗe, kowace fada ta sa a rubuta sunayen yaran unguwarta da ke aji biyar da aji shida na sakandare, maza da mata, da darussan da kowa ke ɗauka. A wakilta mutum biyu masu ilimin boko su duba takardunsu kafin a buɗe rajistar JAMB a farkon shekara, a tara masu buƙatar shaidar asali jiha-jiha a tura mutum ɗaya ya karɓo musu. Limamai su ware huɗuba ɗaya a kan wannan. Mu kuma a shirye muke mu zo kowace fada da kuka kira mu, ranar Asabar bayan La'asar, mu zauna da iyaye da yaran, kowa ya zo da takardunsa a hannu.

Allah ya ja zamaninku, ya albarkaci zuriyarmu.

Wassalam.

'Ya'yanku,
Wasu malaman manyan makarantu 'yan Arewa mazauna Legas